Manhajar da ke gyara hoto da hasashe

Abin da ya daɗe yana ci wa masu koya wa kwamfuta gyaran hoto tuwo a ƙwarya shi ne rashin tagwayen hotuna. A da, kafin manhaja ta iya goge dishi-dishi ko karce, sai an nuna mata dubban hotuna biyu-biyu, lalatacce da lafiyayyen ɗan'uwansa. To hoton da aka ɗauka shekara sittin baya, ruwa ya taɓa shi, gara ta ci gefensa, ina za a samo lafiyayyensa? Masu bincike sukan ɓata sababbin hotuna da gangan, amma ɓarnar ganganci ba ta kama da ta shekaru.

A 2014 Ian Goodfellow da abokan aikinsa a Jami'ar Montreal suka fito da dabarar GAN. Manhajoji biyu ne ke hamayya, ɗaya na ƙera hoto, ɗaya na tantance ko jabu ne, kamar mai haɗa jabun gwal da dillaliya mai ido. Kullum ta kama shi, sai ya ƙara gwanancewa. A 2017 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka ɗora CycleGAN a kan wannan, ya zama ba dole sai an nemi tagwaye ba. Tulin lalatattu a nan, tulin masu kyau a can, ko da ba su haɗa komai ba, ya wadatar. Sauƙin nan ne ya sa dabarar ta bazu.

Sai dai dillaliyar tambaya ɗaya take yi: wannan ya yi kama da hoton gaske? Ba ta tambayar ko mutumin da ke ciki shi ne. Abin da ya goge ya riga ya tafi, manhajar cike gurbi take yi da abin da ta saba gani. A 2020 aka ba manhajar PULSE ta Jami'ar Duke hoton Barack Obama mai dishi-dishi, ta fito da fuskar farar fata tsaf. An gina ta ne kan StyleGAN ta kamfanin Nvidia, wadda ta koyi fuska daga hotunan Flickr 70,000, kuma fararen fata sun rinjaya a ciki. A asibiti abin ya fi muni: a 2018 Joseph Paul Cohen da abokansa sun nuna irin wannan manhaja na iya saka ƙari a hoton ƙwaƙwalwa, ko ta share wanda ke nan.

A ganina, don hoton ratayewa a falo babu laifi, amma bai kamata kotu ko likita su karɓe shi hujja ba. Ko na falon ma sai an duba. Manhajar da ba ta san tsagar gado ba tana iya ɗaukar ta karcen takarda ce, ta share zanen Gobirci daga kumatun kaka, jikoki kuma su yi ta yaba yadda hoton ya fito fes.