Dubiya A Asibiti

Zumunta a ƙafa take. In ɗan'uwanmu ya faɗo daga mota ya karye, aka kwantar da shi asibiti, wajibi ne mu je dubiya. Amma dubiya tana da ƙa'ida.

Mu je a lokacin da aka yanka wa masu ziyara. Mu wanke hannu da sabulu. Kada mu taru a kansa, kada mu zauna bisa gadonsa, gama girgiza tana fama karaya.

In mun kawo abinci, mu tambayi malamin asibiti tukuna. Wanda za a yi wa aiki akan hana shi abinci kamar awa 6. In an yarda, mu ba shi nono da ƙwai da wake. Taba kuwa tana hana ƙashi haɗewa da wuri.

Mu dubi yatsunsa a bakin filasta. In sun kumbura, ko sun yi sanyi, mu gaya wa likita maza. Jini ne ba ya kaiwa can, ana iya rasa ƙafar.

Babban kuskure shi ne mu ce, "Ya daɗe, mu kai shi gida." Ƙashin hannu yakan ɗauki mako 6, na cinya wata 3 ko fiye. In aka yi gaggawa, ƙafa ta karkace, ya gurgunce.

Yawancin damuwarsa gona ce da iyali. To, mu yi masa gayya, mu je mu ce, "Sannu, Allah ya sawwaƙe. An nome gonarka."