Maganin Jakar Ruwa a Muƙamuƙin Tsofaffi

Maƙasudin wannan ɗan bayani shi ne mu duba wata cuta da kan kama ƙashin muƙamuƙi, da kuma yadda likitan haƙori ke tunkararta idan mai ita ya manyanta. Mun kira ta jakar ruwa saboda siffarta, watau kogo ne a cikin ƙashi, mai ɗan tantani a bangonsa, cike da ruwa.

Mafi yawanta daga mataccen haƙori take tasowa. Tun lokacin da saiwar haƙori ke ginuwa, akwai ragowar wasu ƙwayoyin halitta da ke kwance a gefenta, waɗanda Bafaranshen nan Malassez ya yi bayaninsu a 1885. Idan haƙori ya ruɓe har jijiyarsa ta mutu, ciwon da ke bakin saiwar yakan tashe su, su hayayyafa su zama jaka. Daga nan sai ta riƙa tara ruwa, ƙashi yana zaizayewa sannu a hankali ba tare da wani zafi ba. Abin da ake yawan gani ga tsofaffi kuwa shi ne, an cire haƙorin shekaru da dama da suka wuce amma jakar ta saura. Sai a ga dasashi ya kumbura a wurin da giɓi ne kawai, ko kuma haƙoran roba su daina zama daidai. Hoton ƙashi ne ke tona ta.

Hanyoyin fiɗa biyu ne, dukansu ana danganta su da likitan Jamus Carl Partsch. Ta farko, wadda ya bayyana a 1892, ita ce a buɗe wa jakar ƙofa zuwa cikin baki, ruwan ya tsiyaye, matsi ya ragu, sabon ƙashi ya riƙa cike kogon. Ta biyu, ta 1910, ita ce a ƙwaƙule jakar ɗungurungum a ɗinke wurin. Idan jakar ƙarama ce, ta biyun ta fi, domin aiki ɗaya ne an gama.

Amma fa idan jakar babba ce kuma a bakin tsoho, lissafin ya sake. Muƙamuƙin da ya rasa haƙora yakan sirance, ta yadda ƙwaƙule babbar jaka na iya karya shi. Akwai kuma jijiyar da ta ratsa muƙamuƙin ƙasa zuwa leɓe; in aka ji mata rauni sai leɓen ya mutu, wani lokaci har abada. Ga ciwon sukari mai jinkirta warkewa, ga hawan jini da ciwon zuciya masu sa a yi ɗari-ɗari da maganin barci. Dole ne ma a tambayi magungunan da majinyaci ke sha, musamman masu tsinka jini, da na ƙarfafa ƙashi waɗanda tun 2003 aka gano suna iya jawo mutuwar ƙashin muƙamuƙi bayan fiɗa. Saboda haka likita yakan karkata ga buɗe ƙofa, tun da allurar kashe zafi ta wadatar, in ya so daga baya a cire abin da ya rage bayan ya ƙanƙance.

A ganinmu, wannan hanya ba ta da sauƙin da ake zato. Kogon yana bukatar wankewa kullum har tsawon watanni, ga komawa asibiti a kai a kai. Dattijon da hannunsa ke rawa, ko wanda ƙauyensu ke nesa da likita, ba zai iya ba sai da ɗa ko jika tsaye a kansa. Don haka ya kamata a san wanda zai yi wannan ɗawainiya tun kafin a sa wuƙa.

Ko wace hanya aka bi, wajibi ne a aika da yankin tantanin a duba shi da madubin likita. Akwai wata irin jaka, keratosist ta haƙori, mai yawan dawowa bayan an cire ta, akwai kuma tsiron amilobilastoma, wanda likitocin Nijeriya suka saba gani, da kan yi kama da jakar ruwa a hoto alhali kuwa sau da yawa sai an yanke wani ɓangare na ƙashin kansa.