Gayyatar Aboki da Turanci ta Hanyar Imel

Bahaushe in zai rubuta wasiƙa, yakan fara da "bayan gaisuwa mai yawa", ya tambayi iyali da gajiya, sa'an nan ya gangaro kan magana. To, wannan ladabi shi ke wahalar da ɗalibi sa'ad da zai gayyaci aboki da Turanci ta imel. A can kalmar "Hi" da sunan abokin sun wadatar, jimla ta biyu ita ce gayyatar kanta. Babban tarko kuwa shi ne lokaci. Wanda ya rubuta "bayan La'asar" ya rikita baƙonsa, domin Bature agogo yake bi. Sai a faɗi rana da wuri, a ce ƙarfe 4:30, kana a roƙi amsa, don a san tukunyar da za a ɗora.