Kula da Faifan Birki a Tsofaffin Motoci

Muna jan hankalin masu tsofaffin motoci a karkara, irin su Peugeot 504, da jami'an da ke kula da motocin ƙananan hukumomi, game da faifan birki, wato ƙarfen da takalman birki ke matsewa idan an taka.

Yashi da ƙurar hanya suna cin wannan faifai a hankali. Idan sitiyari yana karkarwa lokacin taka birki, ko ana jin ƙarfe yana gugar ƙarfe, a kai wa makanike ya auna kaurinsa. Masana'anta sukan buga mafi ƙarancin kauri a jikin faifan. Wanda bai kai wannan adadi ba, ko ya tsage, kada a kai shi gogewa a inji, ko da yake mun san arha ke jawo hakan. Siririn faifai yana saurin zafi, birki ya ƙi kamawa a gangara, ga mota cike da jama'a ranar kasuwa.

A sauya na dama da na hagu tare, da sababbin takalma, don kada mota ta riƙa ja gefe guda. A kankare tsatsar mazauninsa kafin a ɗaura, kuma a kwanakin farko direba ya riƙa taka birki a hankali.