Inna Uwar Gona: Matsayin Mace da Ma'anar Daidaito a Tunanin Hausawan Dauri

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a dubi Inna, wadda ita ce babbar mace a cikin iskokin da Maguzawa da 'yan bori suka yi imani da su, domin a gano abin da siffarta ke nunawa game da matsayin mace da ma'anar daidaito a tunanin Bahaushen dauri. An ɗauki ƙasar Birnin Kudu da Gwaram a matsayin farfajiyar nazari. Wannan yanki yana cikin Jihar Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, kuma ƙasa ce ta manoma da makiyaya, wato mutanen da Inna ta fi shafa.

2.0 Sunayenta

Kalmar inna a Hausa tana nufin uwa ko 'yar'uwar uwa, haka kuma take nufin uwa a Fulatanci. Ana kuma ce mata Doguwa, da Uwar Gona, da Bafilatana. Idan aka lura za a ga duk waɗannan laƙabai ne. Bahaushe yakan sakaya sunan wanda yake jin nauyinsa ko tsoronsa, kamar yadda mace ba ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari.

A nan ya kamata a yi hattara da fassara. Wasu marubuta na ƙasashen Turai sun ɗora Inna a sahun allolin mata irin na Girkawa. Amma Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya kuma buga sakamakon bincikensa a 1946, ya nuna cewa Maguzawa sun yarda Allah ne mahalicci, iskoki kuwa halittunsa ne da ke kusa da mutane. Saboda haka iska ce a wurinsu, kuma kiran ta da wani suna daban zai jirkita fahimtarsu. Fremont Besmer, a nazarinsa na borin Kano na 1983, ya kawo ta a matsayin matar Sarkin Aljan Sulemanu a birnin Jangare mai gidaje 12.

3.0 Fara da Baƙa

Doguwa iri biyu ce: Fara da Baƙa. Fara ta gida ce, ana danganta ta da nono da shanu da albarkar rumbu. Baƙa ta daji ce, mazauninta tsamiya ko kuka, kuma ita ake tsoro. Manomin da ya riƙe ta yana yi mata yanka kafin shuka da bayan girbi, ita kuwa ta tsare masa gona, ta shanye hannu ko ƙafar wanda ya taɓa amfaninta. Idan mai ita ya yi sakaci da haƙƙinta, kansa za ta juyo.

Ma'anar daidaito ke nan a wannan tunani: wanda ya karɓa dole ya mayar, kuma hannun da ke bayarwa shi ne ke horo. Karin maganar nan ta zuma, ga zaƙi ga harbi, ta dace da ita. Wannan fuska biyu ce Jacqueline Monfouga-Nicolas ta gina littafinta na 1972 a kanta, bayan bincikenta a ƙasar Maraɗi.

Harshe ya adana wannan imani ko bayan gushewar masu shi. Har gobe cutar da ke shanye ƙafafun yara sunanta shan inna. Wannan suna ya yi tasiri, domin iyayen da suka ɗauka iska ce ta taɓa ɗansu wurin boka suke nufa, ba asibiti ba. An dakatar da allurar rigakafin cutar a Kano a 2003 saboda wasu zarge-zarge na daban, aka dawo da ita a 2004, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

4.0 Daga Iska zuwa Sarauta

A Gobir, Inna sarauta ce da ake naɗa wa wata daga cikin 'ya'yan sarauta mata, ita ce shugabar bori da al'amuran mata. Takwararta a Maraɗi ita ce Iya. Bayan jihadin 1804, Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864) ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis masu kai ilmin addini ƙauyuka. Jean Boyd ta nuna a 1989 cewa malfar da ake ba jaji irin ta Innar Gobir ce. An sauya aƙidar, aka bar wa mace jagorancin mata.

5.0 Abin da Ya Rage a Birnin Kudu

A Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe akwai zane-zanen shanu na zamanin da, da duwatsu masu amo idan an ƙwanƙwasa. Bernard Fagg, wanda ya bayyana su ga masana a shekarun 1950, ya ambaci alaƙarsu da al'adun aure na 'yan mata. Babu hujjar jingina zanen ga Inna, sai dai haɗuwar saniya da dutse da amarya a wuri guda abin lura ne.

Hikimar mata ta fi fitowa a ɗakin mai jego. Ungozoma tana aiki da ma'aunin zafi da sanyi: haihuwa tana barin sanyi a jiki, sai a kore shi da wankan jego na kwana 40 da kunun kanwa. Amma likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gano a shekarun 1970 cewa yawan kanwa da tsananin zafi suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Al'adar da aka gina domin daidaita jiki takan cutar idan ta wuce kima.

6.0 Kammalawa

An ga cewa Inna iska ce mai fuska biyu, sunanta ya shiga sarauta da sunan cuta, kuma tunanin da ke bayanta shi ne biyan haƙƙi da tsayawa kan kima. Yawancin abin da aka rubuta a kanta maza ne ko baƙi suka rubuta, daga Kano da Maraɗi. Tsofaffin ungozomomi na ƙauyuka irin su Unguwar Ya suna ƙarewa da abin da suka sani na kalmomi da magunguna. Ya kamata ɗalibanmu, musamman mata da ke da damar shiga cikin gida, su ɗauki wannan ilmi daga bakinsu tun suna raye.