Yaƙi da fataucin ƙwaya: kunnen hukuma cikin talhon talaka

A Karofane, cikin gundumar Buza ta jahar Tawa, talho ya zama igiyar da ke riƙe gida. Da shi ɗan ci-rani ke aiko da kuɗin hatsi, da shi ɗan kasuwa ke jin farashin albasa a Madawa ko canjin naira a Ilela. Zancen bashi da asirin aure duk ta nan suke bi.

Ta wannan talho ne kuma fataken ƙwaya ke ƙulla cinikinsu, ɓarnarsu kuwa ba ɓoyayya ba ce. A watan Maris na 2021, OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, ta kama tan 17 na wiwi a Yamai. A Janairun 2022 aka cafke kilo 214 na hodar ibilis cikin motar magajin garin Fashi, a jahar Agadas.

Saboda irin waɗannan laifuffuka da ta'addanci, majalisar dokokin Nijar ta amince, ranar 29 ga Mayun 2020, da dokar sauraren talho da saƙonnin intanet. Sai dai dokar ba ta danƙa izinin sauraren ga alƙali ba: shugaban ƙasa ta bai wa wuƙa da nama. Ƴan majalisa na adawa suka fice daga zauren, suna cewa gobe za a juya kunnen wajen abokan hamayya.

Wata shari'a ta ƙara wa jama'a fargaba. A 2021, ƴan jarida biyu, Musa Aksar da Samira Sabu, sun yaɗa rahoton wata ƙungiya ta Janeba da ya yi zargin cewa wani kaso na wiwin Yamai ya koma hannun fatake. OCRTIS ta musanta. Ranar 3 ga Janairun 2022, kotu ta yanke musu ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka bisa dokar laifuffukan intanet ta 2019.

Ɗan kasuwar Karofane na son a kama mai lalata masa ɗiya da tramol. Abin da yake buƙata shi ne alƙali ya sa hannu kafin a saurare shi, a yanka wa sauraren wa'adi, ma'aikacin da ya tona asirin mutum kuma ya fuskanci shari'a. In babu wannan, garin neman gira za a rasa ido.