Katin gayyata mai zane kamar na tudu: dubarar da ba ta bukatar inji

Ƴan uwa mata, duk wadda ta taɓa riƙe katin biki mai tsada ta san irin zanen nan da ke tasowa a jikin takarda, wanda yatsa ke ji in an shafa. Masu ɗab'i da inji suke matsa shi, kamar yadda dukawan Damagaram ke buga ƙarfe a kan fata har zane ya zauna. Injin nan ya fi ƙarfin akwatin asusunmu. Amma akwai dubarar da ke sa ido ya ga tudu alhali takardar a shafe take, kuma tawada kala biyu ce kawai sirrinta.

Dubarar ta yaɗu ne wajen matan Amurka masu haɗa kati da hannu. Kamfanin Stampin' Up!, wanda wasu mata biyu, ya da ƙanwa, suka kafa a 1988, ya sayar musu da hatimin roba mai siffar taya, da mariƙi. Ana gangara shi kan tawada, sannan a gangara kan takarda, sai zanen ya yi ta maimaita kansa daga wannan baki zuwa wancan.

Yadda ake ruɗin ido

Ku duba zanen bangon gidajen Birni a Damagaram da hantsi. Gefen da rana ke bugawa ya yi haske, ɗaya gefen ya yi inuwa, da haka muke gane zanen ya taso. To, shi za mu kwaikwaya. Farar tawada ita ce hasken, tawada mai ɗan duhu ita ce inuwar. Shi ya sa farar takarda ba ta yi, don farin ba zai fito ba, baƙa kuma tana haɗiye inuwar. A nemi kala ta tsakiya: ruwan ƙasa, ruwan toka, shuɗi ko kore mai haske.

Mu haɗa tayar da kanmu

Samun irin tayar kamfani a kasuwanninmu da wuya, amma haɗa ta ba wuya. A yanko guntun bututun roba na ruwa, mai faɗin baki santimeta 4. Kewayensa zai kai wajen santimeta 12 da rabi. A samo tsohon silifa, a fere shi da reza ya zama falle mai kauri ɗaya, a yanka ganye, tauraro, lu'ulu'u ko dagi. A manna su kewaye da bututun da kol irin na masu facin taya, a zura sanda a ciki ta zama mariƙi. Abu biyu za a kiyaye: duk yankan su zama tsayi ɗaya, in ba haka ba gajeren ba zai taɓa takarda ba, sannan a bar haruffa, don hatimi juya rubutu yake. Sunan ango da amarya da bik za a rubuta.

Aikin kansa

Takarda mai kauri ake so, mai nauyin giram 180 zuwa sama, don siririya tana lanƙwashewa in ta sha ruwa. Falle ɗaya na A4 in an raba biyu, aka ninka kowane rabi, kati biyu ke nan, kowane santimeta 10.5 da 14.8.

A zuba farin fentin ruwa irin na ƴan lakwal a kan soso, kaɗan, kar ya yi tsamo-tsamo. A yi alama da bik a gefen tayar, wurin da za a fara. A ɗora abin jan layi a kan katin, a gangara tayar a jikinsa sau ɗaya, ba tsayawa, ba komawa baya. Sai a bari ya bushe sarai. Da hunturu nan da nan yake bushewa, da damina kuwa sai an yi haƙuri. In aka yi gaggawa, kalolin biyu su gauraye su zama taɓo.

A wanke tayar, a tsane ta, a sa mata kalar takardar amma wadda ta ɗan fi ta duhu. A fara daga alamar nan dai, sai dai a gusa abin jan layin ƙasa da milimeta 1, a gusa mafarin dama da milimeta 1. Abin da zai rage na farin shi ne ɗan siririn layi ta sama da hagu, kamar haske ya faɗo a kai. In gusawar ta kai milimeta 3, ruɗin ya tafi, sai a ga zane biyu kawai. Kowace ta fara gwadawa a kan tsohuwar takarda har hannu ya faɗa.

Bayan aiki a wanke tayar da ruwa da ɗan sabulu, a ajiye a inuwa. Rana da kananzir suna ɓata roba.

Kafin a taɓa kuɗin akwati

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, ƙa'idarmu ba ta sake ba: bashin asusu da ranar biyansa. Yau mutane da yawa ta WhatsApp suke gayyata, masu ɗab'i kuma suna fitar da kati ɗari cikin ɗan lokaci. Ba za mu yi tsere da su wajen yawa ba. Kasuwarmu ita ce kati kaɗan na manyan baƙi, katin barka da salla, da ƴar takardar da ake rataya wa turaren wuta ko sabulun da ƙungiya ke sayarwa.

Saboda haka a fara da falle 10, kati 20 ke nan, a nuna wa masu ɗinki da masu ƙunshi, don su ke fara jin labarin biki. Lissafin farashi ya haɗa takarda, fenti, kol, katunan da suka lalace da kuma wunin da aka yi ana aiki. Wanda ya ba da aikin kati 100, falle 50 ne, a ƙara biyar na ɓarna, kuma ya ba da kafin alƙalami ya isa sayen takardar, don kati mai sunan wani ba ya sayuwa ga wani.

A taron mako mai zuwa, kowace ƙungiya ta zo da tsohon silifa da guntun bututu, mu yanka tayar farko tare. Allah ya sa wa sana'armu albarka.